Ƙwai Biyu a Gidanmu: Na Kaza da Na Fitila

Bahaushen da ya fara ganin gilashin nan mai kawo haske a rataye jikin silin bai wahalar da kansa wajen neman suna ba. Ya dube shi, ya ga mulmulalle ne, ga santsi, ga saurin fashewa, sai ya ce ai wannan ƙwai ne. Har yau sunan na nan, ƙwan fitila ko ƙwan lantarki, duk da cewa na yanzu na roba ne, ko ya faɗi ƙasa ba lallai ya fashe ba. A wasu gidajen in an ce ƙwai sai an ƙara bayani kafin a san wanne ake nufi. A gidanmu da ke Gyaɗi-Gyaɗi kuwa, in Umma ta ce a sayo ƙwai babu mai tambaya, domin na kaza muna da shi kiret-kiret a zaure.

Umma tana kiwon kajin ƙwai a bayan gida, ɗari biyu da 'yan kai, tun ina sakandare. Daga kuɗin ƙwan nan ake biya mini rajista, da kuɗin takardu, da na A Daidaita Sahu zuwa makaranta. Ni kuma abin da nake karanta injiniyancin lantarki ne. Ka ga ke nan ƙwan kaza ne yake biya mini kuɗin koyon ƙwan fitila, ƙwan fitila kuma shi ne yake taimakon kaza ta ci gaba da saka ƙwai. Akwai abu na uku da ya haɗa su, kuma shi ne dalilin wannan rubutu: dukansu da ido ake sayensu. Na kaza a dubi launin ɓawo, na fitila a dubi lambar da aka buga a kwali. Ina so mu duba me kowanne yake faɗa, da inda maganarsa ta tsaya.

Masu sayen ƙwanmu 'yan kanti ne da masu shayi na wajen Tarauni. Da zarar zafi ya kankama, wajen Maris zuwa Afrilu, sai ka ji ɗayansu ya ɗaga kiret yana jujjuya shi a hasken ƙofa, ya ce, "Hajiya, wannan zubin fa ya yi fari, sai dai a rage mini wani abu." Umma ta ce, "Haba Malam, na safiyar nan ne, taɓa ka ji ɗuminsa." Shi kuma ya ce ba shi ba ne, mutanen da ke saye a wurinsa ne suka fi son jajayen. Gaskiya ya faɗa. A Kano in ƙwan gidan gona bai yi ja ba, sai a ce ya kwana biyu, ko kuma ba shi da ƙarfi a jiki. Ragin da yake nema ba shi da yawa a kiret ɗaya, amma mai kiwo ya san abincin kaji ne yake cinye mafi yawan kuɗin da ke shigowa, ɗan abin da ya rage a saman shi ne riba, kuma daga nan ake yankar ragin.

To mene ne ainihin launin nan? Ƙwai yana ɗaukar sa'a 24 zuwa 26 kafin ya kammala a cikin kaza, kuma kusan sa'a 20 daga ciki yana yinsu ne a wani sashe na mahaifarta inda ake gina ɓawo. Ɓawon kansa kusan kashi 95 cikin ɗari sinadarin alli ne, kuma alli fari ne. Saboda haka kowane ƙwai da fari yake farawa. Sai a sa'o'in ƙarshe, uku zuwa huɗu kafin ta saka shi, jikin kazar yake shafa masa mafi yawan wani rini da ake kira furotofofirin. Wannan rini ɗan'uwan jini ne, domin shi ne jiki yake haɗawa da sinadarin ƙarfe ya samar da abin da ke sa jini ya yi ja. Ba sai ka shiga ɗakin gwaje-gwaje ba kafin ka tabbatar. Gobe in mai shayi ya fasa maka ƙwai, karɓi ɓawon ka leƙa cikinsa, za ka tarar fari ne tas. Ko ka jiƙa ƙwai a ruwan lemon tsami na ɗan lokaci ka goge, jan zai biyo hannunka. In kuma kana da 'yar tocilan nan da ake duba jabun kuɗi da ita, haska jan ƙwai sabo a cikin duhu, za ka ga yana ƙyallin ja-ja, don rinin yana amsa irin wannan haske.

Akwai rini na biyu, bilibadin, wanda ke ba da shuɗi ko kore. Shi ma daga jini yake, amma ta ɗaya ƙarshen: in jini ya tsufa jiki yana rushe shi, wannan ne abin da ke fitowa, kuma shi ne kore-koren da ake gani in wuri ya bugu jini ya kwanta. Kajin Araucana na ƙasar Cili da kajin Dongxiang na ƙasar Sin shuɗin ƙwai suke yi. Nasu rinin yana ratsa ɓawon gaba ɗaya, ciki da waje. A shekarar 2013 masu bincike suka gano cewa wata ƙwayar bairos ce ta taɓa shiga cikin gadon halittar waɗannan kaji tun da daɗewa, ta zauna kusa da wani sashe da ke kai rinin wurin gina ɓawo, ta kunna shi. In an haɗa mai shuɗi da mai ja, 'ya'yansu sai su yi ƙwai kore, wato jan fenti a kan shuɗin bango.

Ke nan launi maganar iri ce. Kazar Leghorn, wadda asalinta daga Italiya ne, farin ƙwai take yi. ISA Brown da Lohmann Brown da ire-irensu da suka cika gonakinmu ja suke yi. Haka ma Shika Brown, wadda cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta samar domin yanayinmu. Kazar Hausa tata mai ruwan madara ce. A yawancin Amurka farin ƙwai aka fi saye, a Ingila ja, mu ma ja. Al'ada ce kawai ta kasuwa. In kaji biyu suka ci abinci iri ɗaya, abin da ke cikin farin ƙwai da ja ɗaya ne wajen gina jiki. Ita ma gwaiduwa launinta daga abinci yake zuwa: kazar da ta ci jar masara da ganye gwaiduwarta takan yi ruwan ɗorawa sosai, wadda aka haɗa wa abinci da farar masara kuma tata ta fito a koɗe, ɓawon kuwa ko ja ko fari babu ruwansa.

Sai dai kada mu yi saurin yi wa mai shayin dariya, domin idonsa ya ga wani abu na gaske, fassarar ce ta kauce. Farin ƙwai daga kazar da dama fari take yi ba ya nufin komai. Amma kazar da jiya take saka ja, yau kuma ta koma saka mai dishi-dishi, wannan saƙo ne. Wani lokaci tsufa ne: kaza tana girma ƙwanta yana ƙara girma, rinin da jikinta ke yi kuwa ba ya ƙaruwa daidai da haka, sai ya zama kamar gwangwanin fenti ɗaya a ɗakin da aka faɗaɗa. Wani lokaci firgita ce, kamar mage ta shiga ɗakin da dare ko an yi ta hayaniya, sai kaza ta saki ƙwai kafin a gama shafa masa launi, ko ta riƙe shi ya wuce lokaci alli ya sake rufe saman ya yi furu-furu. Wani lokaci cuta ce, kamar Niyukasil ko mashaƙon kaji mai yaɗuwa, waɗanda ke taɓa mahaifar kanta. Har wani maganin da ake sa wa kajin nama a abinci, nikabazin, in ya kuskura ya shiga abincin kajin ƙwai, cikin 'yan kwanaki jan yake gushewa.

Babban mai laifi a garinmu shi ne zafi. Kaza ba ta gumi, kuma ta fi jin daɗin yanayi tsakanin digiri 18 zuwa 24. A Kano kuwa rana takan kai digiri 40 a watan Afrilu, ka ƙara da rufin kwano. Abin da ya rage mata shi ne ta buɗe baki ta yi ta haki. Hakin nan yana fitar da iskar kabon daga jininta fiye da kima, alhali daga wannan iskar jiki yake samun abin da zai haɗa da kalsiyam ya gina ɓawo. Ga shi kuma ta rage cin abinci. Sai ɓawo ya yi laushi, launi ya koɗe, ƙwai ya riƙa fashewa a kiret. Umma ba ta san sunan furotofofirin ba, amma kullum da safe in tana tsince ƙwai tana karanta shi. In ta ga fararen sun yi yawa, kafin ta nemi likitan dabbobi takan duba ruwan sha ko ya yi zafi, ta sa a yayyafa wa rufi ruwa, ta mayar da babban abinci zuwa sanyin asuba da yamma. Launin ɓawo ba ya gaya wa mai ci komai, amma yana gaya wa mai kiwo abubuwa da yawa.

A nan ne ɗaya ƙwan yake shigowa. Tsawon rana ne yake gaya wa jikin kaza ta saka ƙwai, kuma ba ta ido kaɗai take jin haske ba, yana ratsa ƙashin kanta ya isa ƙwaƙwalwa, musamman ɓangaren haske mai ja-ja. Kazar ƙwai tana buƙatar haske na sa'a 14 zuwa 16 a rana kafin ta ba da abin da ake tsammani daga gare ta, wato kusan ƙwai 300 a shekara ga irin na gidan gona. Kano tana kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, ranarmu ba ta kai sa'a 13 ko a watan Yuni, a Disamba kuma da kaɗan ta haura 11. Dole a cike gurbin da fitila. A gidanmu ana kunnawa tun kafin kiran asalatu har gari ya waye, a sake kunnawa daga magariba zuwa bayan isha'i, kimanin sa'a huɗu ke nan a kullum. Ƙa'idar da kowane mai kiwo ya sani ita ce ba a rage wa kazar da ke kan saka ƙwai tsawon haske. In yau an kunna, gobe ƙwai ya mutu, jibi babu kuɗin saye, kaza ba ta da bakin ƙorafi, a kiret za ka ga amsarta.

Yanzu ɗauki kwalin ƙwan LED ka karanta. Da yawa an rubuta sa'a 25,000, wasu ma 50,000. Mu yi lissafi irin na aji. Sa'a 25,000 a raba da huɗu a kullum, kwana 6,250 ke nan, fiye da shekara 17. Kazar ƙwai kuwa tana fara sakawa tana da mako 18 zuwa 20, in ta kai kamar shekara ɗaya da rabi sai a sayar da ita a kawo sababbi. Bisa alƙawarin kwali, ƙwai ɗaya ya kamata ya ga zubin kaji sama da goma sun zo sun wuce. A ɗakin kajinmu kuwa ba kowane ƙwai ne yake ganin ƙarshen zubi ɗaya ba. Tambayar da ta kai ni ga aikin furojet ɗina ita ce: wa ya zauna ya ƙirga waɗannan sa'o'i? Shekara ɗaya sa'a 8,760 ce. Sa'a 50,000 ta haura shekara biyar da rabi ba a kashe ba dare da rana. Wane kamfani ne zai riƙe kayansa tsawon wannan lokaci kafin ya kai kasuwa?

Kafin amsa, sai mun san abin da ke cikin ƙwan. Nick Holonyak ne ya ƙera LED mai jan haske a 1962 a Amurka. Shuɗi ne ya gagara har farkon shekarun 1990, lokacin da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura na Jafan suka samar da shi, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2014. Farin hasken da ke ɗakinka daga wannan shuɗin yake. Cire murfin robar ka duba, za ka ga ƙananan ɗigo-ɗigo masu ruwan ɗorawa. A ƙarƙashin kowane akwai ɗan ƙwayar da ke fitar da shuɗin haske, an shafe ta da wani sinadari mai suna fosfo, wanda yake karɓar wani ɓangare na shuɗin ya mayar da shi rawaya, su haɗu ido ya ga fari. Abin ya ba ni dariya ranar da na lura: kaza tana shafa ja a kan fari, injiniya yana shafa rawaya a kan shuɗi, kuma duka biyun zafi da tsufa suna koɗar da su.

Tsohon ƙwan gilashi in ajalinsa ya zo zarensa ne yake tsinkewa, shi ke nan. Ita ƙwayar LED ba ta cika mutuwa farat ɗaya ba, dusashewa take yi sannu a hankali. Saboda haka aka yi yarjejeniya cewa ranar da haskenta ya sauka zuwa kashi 70 cikin ɗari na yadda ya fara, ta gama aiki. Wannan ake kira L70. Ƙungiyar injiniyoyin haske ta Amurka, IES, ta fitar da tsarin gwaji mai suna LM-80 a 2008. Ana kunna ƙwayoyin aƙalla sa'a 6,000, wato kwana 250, a auna haskensu duk bayan sa'a 1,000, a matakan zafi daban-daban irin digiri 55 da 85. Daga nan wani tsarin, TM-21 na 2011, yake ɗaukar yadda hasken yake sauka ya yi hasashen gaba da lissafi. Amma ya sa iyaka: ba a yarda ka yi iƙirarin da ya wuce ninki shida na lokacin da ka gwada ba, shi ma sai in ƙwayoyin da ka gwada sun kai 20. Wanda ya gwada sa'a 6,000 iyakarsa 36,000. Mai son rubuta 50,000 da gaskiya sai ya gwada fiye da sa'a 8,300. Lambar da ke kwali hasashe ce, ko da a wurin kamfanin da ya bi duk ƙa'ida.

Kuma ga inda gizo ke saƙar. Wannan gwaji na 'yan ƙwayoyin ne kaɗai, ba na ƙwan da ka saya gaba ɗayansa ba. A gindin kowane ƙwan LED akwai ɗan allon da muke kira direba, wanda yake karɓar wutar gida mai bolt 230 ya daidaita ta yadda ƙwayoyin za su iya ɗauka. A jikinsa akwai kafasita mai ruwa a ciki, kuma ruwan nan bushewa yake yi da zafi. Duk ɗan lantarki an koya masa ƙa'idar nan: ƙarin digiri 10 na zafi yana raba rayuwar irin wannan kafasita biyu. Ɗauki wanda aka ƙera ya yi sa'a 2,000 a digiri 105. In ya zauna a digiri 65 zai iya kai 32,000. In ya zauna a 85 kuwa, 8,000 ne. Bambancin digiri 20 ya cinye kashi uku cikin huɗu na rayuwarsa. To ka tuna ƙwan da ke rataye ƙarƙashin kwanon da ya wuni yana shan ranar Afrilu, aka kunna shi da magariba rufin bai huce ba, kuma jikinsa roba ce zalla babu farantin alminiyam mai janye zafi. Ka ƙara da wutar da ke hawa da sauka, a ɗauke a kawo da ƙarfi, a koma janareta. Zafin da ke koɗar da ƙwan kaza a ƙasa shi ne yake gasa ƙwan fitila a sama, a ɗaki ɗaya.

Turai ta gane wannan giɓi. Dokar Tarayyar Turai da ta fara aiki a watan Satumba na 2021 ta tanadi gwajin ƙwan gaba ɗayansa: a ɗauki guda goma, a kunna minti 150, a kashe minti 30, a maimaita sau 1,200, jimla sa'a 3,600. Aƙalla tara dole su kai ƙarshe da rai, sannan a auna hasken da ya rage musu. Kuma kada a ɗauka gwaji kullum don amfanin mai saye ake yinsa. A watan Disamba na 1924 manyan kamfanonin ƙwan lantarki na duniya, ciki har da Osram da Philips, suka haɗu a Janiba suka kafa ƙungiyar da aka sani da Phoebus, suka amince kada ƙwai ya wuce sa'a 1,000. Suna da ɗakin gwaji na sosai, amma wanda ƙwansa ya daɗe fiye da kima shi ake ci tara. Ma'auni yana bin wanda yake riƙe da shi.

Ni ba ni da ɗaki mai daidaitaccen zafi, kuma kwana 250 sun fi lokacin furojet tsawo, balle a ce wuta ba za ta ɗauke ba ko sau ɗaya. Abin da nake da shi ɗakin kajin Umma ne, da maka, da littafin rubutu, da ma'aunin haske da na aro. Duk ƙwan da aka ɗaura ina rubuta kwanan wata a gindinsa. Duk mako ina auna haske a wuri ɗaya, daidai bakin mazubin abinci, da dare. Duk wanda ya mutu ina fasa shi in duba. Abin da na fi tararwa iri biyu ne: ko kafasita ya kumbura, ko ɗaya daga cikin ƙwayoyin ta yi baƙin ɗigo. Da yake a jere aka haɗa su, ɗaya in ta ƙone sauran duk sai su yi shiru, alhali lafiyarsu ƙalau. Wato yawancinsu ba su ma rayu har su kai ga L70 ɗin da ake magana ba. Wani abin kuma, a lokacin hunturu ƙura da dusar abinci sukan lulluɓe murfin, kuma gogewa da tsumma kaɗai tana ɗaga abin da ma'auni ke nunawa. Idon mutum ba ya kama wannan, don yana sabawa da dishi-dishi kullum kaɗan-kaɗan. Ranar da na nuna wa Umma littafin, cewa ta yi, "Ashe kai ma karatun ɓawo kake yi." Na ce, "Umma, ai a wurinki na gani."

Ga wanda zai shiga Sabon Gari ko France Road sayen ƙwai, akwai 'yan abubuwan da za su rage masa asara. Nemi lumen, kada ka tsaya a wat, domin wat wutar da ƙwai ke ci ce, lumen kuma hasken da yake bayarwa. Tsohon ƙwan gilashi mai wat 60 yana ba da kimanin lumen 800, LED mai kyau yana ba da haka da wat 8 ko 9. Ɗaga shi a hannu, wanda yake da ƙarfe a gindi yakan fi nauyi. Kada ka kulle shi cikin murfin da iska ba ta shiga, kuma ka sauko da shi nesa da kwano. In na kajin ƙwai ne, mai haske ruwan ɗorawa ya fi farin nan mai shuɗi-shuɗi, don ya fi ja a ciki. Sannan ka tambayi mai kanti ko zai canza maka in ya mutu cikin wata shida. Amsarsa takan fi rubutun kwali gaskiya, don shi ya san waɗanda ake dawo masa da su. Araha dai ba ta ado.

Amma nauyin bai kamata ya tsaya kan mai saye ba, kuma a nan nake magana da mu. Hukumar SON tana da hurumin duba ingancin kayan da ke shigowa ƙasa, sai dai takardar da aka samo daga gwajin da aka yi a ɗaki mai sanyi ba za ta gaya maka abin da zai faru a Tarauni a watan Afrilu ba. Wannan aiki ne irin namu. Gwajin nan na Turai kwana 150 ne kacal. Allo mai soket goma, da agogon kunnawa da kashewa, da sola da batir don kada wuta ta katse, da ma'aunin haske da na zafi, babu abin da ya fi ƙarfin wokshof ɗin kwalejin kimiyya da fasaha a ciki. In 'yan aji ɗaya suka fara, na bayansu suka karɓi littafin suka ɗora, cikin 'yan shekaru za mu sami bayanin da aka auna a zafinmu da ƙurarmu da irin wutarmu. Ɗaliban noma su ma suna iya yin nasu da launin ɓawo da kaurinsa daga hunturu zuwa bazara zuwa damina. Furojet da yawa suna ƙarewa a kan kanta ƙura ta rufe su, wannan kuwa mai kiwo da mai kanti da mai ɗakin haya duk suna jiransa.

Ina roƙon ƙungiyar ɗalibai ta ɗauki maganar nan zuwa ga shugabannin sassa kafin a raba batutuwan furojet na baɗi. Nan da 'yan watanni mu za mu karɓi difloma mu fita, kuma abin da unguwa za ta tambaye mu ba maki nawa muka ci ba ne. Maƙwabciya ce za ta miƙo maka kwali biyu ta ce, "Kai da ka yi karatun wuta, wanne zan saya?" Ya kamata a ce amsar da za ka ba ta daga abin da aka auna ta fito. Littafina ya kusa cika, kuma duk ɗan aji ɗaya da ke son ɗorawa daga inda na tsaya, ya neme ni a sashenmu in ba shi kafin in tafi. Allah Ya sa mu gama lafiya, Ya sa abin da muka koya ya amfani mutane.